Ɗalibi Mai Furfura

Akawu ya ɗaga sifanar, ya ƙwanƙwasa ta a jikin ƙarfen da aka jera kaya a shagon kayan gini, ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana. Bai san sautin da ake nema ba. Ya dai taɓa ganin wani ya yi haka, kuma abin ya yi masa kwarjini.

"Ƙarfen yanzu sai a hankali," ya faɗa da ƙarfi, yadda na kusa za su ji.

Sunan Akawu ya biyo shi ne daga ofishin da ya yi rabin rayuwarsa yana buga hatimi, har ranar da aka kawo kwamfuta, aka sallame shi da takardar yabo da agogon bango. Ya zauna a gida yana kallon agogon, agogon yana kallonsa, har dai ya gaji ya shiga makarantar koyon sana'a, ajin gyaran famfo. 'Yan ajin duk sa'o'in 'ya'yansa ne. Baban Aji suke ce masa, suna ba shi kujera, suna kuma ɓoye dariya idan ya riƙe filaya a baibai.

Gobe ne jarrabawar aikin hannu, kuma malamarsu ta faɗa ba da wasa ba: duk wanda bai zo da akwatin kayan aikinsa ba, ya yi zamansa a gida sai baɗi. Baɗi kuwa ga mai furfura ba kusa ba ne. Abin da ya rage masa shi ne wannan babban shagon, da yake yi wa ɗaliban sana'a rangwamen rabin kuɗi, kuma yau rangwamen zai rufe. Rabin ma sai da matarsa ta taɓa ajiyarta.

Matsalar ita ce Akawu ba ya so a gan shi a matsayin ɗalibi. Shi ya sa da safe ya shimfiɗa sabuwar rigar aikinsa a tsakar gida yana goga mata baƙin mai.

"Ikon Allah," in ji matarsa, tana ɗauke da bokitin da ke tare ɗigar famfon kicin. "Mutane suna wanke datti, nawa mijin shafawa yake yi."

"Ba za ki gane ba. Harka ce ta masu sana'a."

"Mai sana'a, ga famfonka can yana gaishe ka."

Famfon ya daɗe yana ɗiga. Tun da Akawu ya shiga makaranta ya hana a kira mai gyara, shi kuma bai yarda da hannunsa ba tukuna, don haka bokiti ya zama ɗan gida.

A shagon, wani saurayi ya matso da kan famfo biyu a hannu.

"Oga, don Allah wanne ya fi?"

Oga! Akawu ya ji kalmar ta sauka masa har tafin ƙafa. Ya karɓi kawunan biyu, ya jinjina su, ya lumshe ido ɗaya.

"Ɗauki wannan. Mu da muka tsufa a harkar nan, daga nauyi muke ganewa."

Saurayin ya yi godiya ya tafi. Akawu bai lura da wani gajeren mutum mai ƙulle wuya da naktayi da ke tsaye a bayansa yana gyara jerin zarto ba.

Ya cika kwandonsa: sifana babba da ƙarama, filaya, guduma, zarton yanka bututu, abin awo, da jan akwatin ƙarfe da ya daɗe yana mafarki. Da layi ya zo kansa, ya zaro katin makaranta daga aljihu, ya tura wa yarinyar da ke karɓar kuɗi a ƙarƙashin tafin hannunsa, kamar mai ba da cin hanci.

Ta dubi katin, ta dube shi.

"Baba, na ɗanka ne? Sai dai ya zo da kansa."

"Nawa ne," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Na'am?"

"Na ce nawa ne."

Yarinyar Allah ya ba ta murya. Ta ɗaga katin sama. "Manaja! Ga wani baba da katin ɗalibai!"

Layin gaba ɗaya ya juyo. Gajeren mutumin nan mai ƙulle wuya ya taho yana murmushin wanda tarkonsa ya kama.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Ba kai ne ka tsufa a harkar nan ba?"

"To, wato, magana ce irin ta…"

"Da kunnena na ji." Manaja ya juya katin. "Katin na gaskiya ne, hoton ma naka ne, ban musa ba. Amma tun da aka fara rangwamen nan ba irin wanda ban gani ba. Ƙwararru su je su yi rajista, su karɓi kati, ba su ƙara taka ƙofar aji ba. Su kwashe kaya a nan su sayar a bakin titi, yaran da aka yi abin dominsu su zo su tarar da wayam. Dubi rigarka. Wannan rigar ta fi ɗaliban makarantar nan shekaru."

Abin kunya, daɗi ne ya fara kama Akawu. Tun da uwarsa ta haife shi ba wanda ya taɓa zarginsa da iya wani abu da hannu. Sai da yarinyar ta fara janye jan akwatin zuwa ɓangarenta sannan daɗin ya gudu.

Ya kira lambar malamarsu. A kashe. Ya sake kira, ko za ta kunnu don tausayi. A kashe.

Hanya biyu ce a gabansa. Ya fita da girmansa na ƙwararre, hannu rabbana, gobe ya zauna da agogon bango. Ko kuma ya tuɓe girman a gaban mutanen nan. Yana cikin auna su sai ya ji wata murya daga ƙarshen layi, muryar da ya fi kowace tsoron ji yau.

"Akawu? Kai ne a cikin rigar nan, ko ita kaɗai ta fito yawo?"

Mai Famfo ne, tsohon da ya yi shekaru yana gyara musu duk abin da ya ɗiga a gida, rungume da bututu biyu kamar sandunan rake. Akawu ya daɗe yana sauya titi don kada su haɗu.

To, an riga an jiƙe, ba a tsoron yayyafi. Akawu ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya irin ta ranar taron ma'aikata.

"Jama'a, ni ɗalibi ne. Ajin farko. A kujerar gaba nake zama, don ba na ganin allo daga baya. Baƙin man nan da hannuna na shafa shi yau da safe, matata shaida ce. Wancan saurayin kuma, in bai yi nisa ba, a ce masa ya tambayi wani."

Dariya ta tashi. Mai Famfo sai da ya jingine bututunsa.

"Manaja, in wannan ne ƙwararre, to ni matuƙin jirgin sama ne. Bawan Allahn nan ya taɓa tayar da ni daga wani aiki, wai ruwa ya ɗauke a gidansa kaɗai duk unguwa. Na je na tarar makunnin ruwan ne a rufe. Na murɗa, ya biya ni, har ya raka ni ƙofa yana cewa ilimi kogi ne."

"Ƙaramin ɗana ne ya rufe," in ji Akawu, don tarihi ya zauna daidai.

Manaja bai yi dariya ba. "Ku masu sana'a bakinku ɗaya. Yau ka yi masa shaida, gobe ya yi maka." Ya nuna kusurwar shagon, inda wani bututu ya fito daga bango a kan kwatami, wurin da ake gwada kan famfo kafin a sayar. "Ga sabon kai, ga kaya. Ɗaura mana mu gani. Hannu ba ya ƙarya."

Akawu ya tsaya gaban bututun, lissafi ya cushe masa. In ya iya, ya tabbata ƙwararre, rangwame ya tafi. In ya kasa, ya tabbata ɗalibi, amma zai yi wanka a gaban jama'a. Dabara ta ce masa ya lalata aikin da gangan, ai ba wuya, hannunsa ya san hanya. Sai dai ya tuna yammacin da ya yi ta kwancewa yana ɗaurawa a aji bayan yaran sun watse, malama tana tsaye a kansa da jakarta a kafaɗa. Bai sha wannan wahalar don ya zo nan ya yi ƙaryar rashin iyawa ba. Ƙarya ɗaya ta ishe shi a yini.

Ya rufe ruwa. Ya koma ya tabbatar ya rufe. Ya zaro tsumma daga aljihu ya shimfiɗa, ya jera kayan a kai daga babba zuwa ƙarami. Ya kwance tsohon kan, ya goge bakin bututun, ya ɗauko farin zaren roba ya fara naɗawa a hankali, yana bin hannun da ake ɗaurewa, leɓensa yana motsi, harshensa ya leƙo ta gefen baki. Ya ɗaura da hannu tukuna, sannan ya sa sifana, ya ja kaɗan, ya tsaya, ya ja baya ya duba ko ya miƙe. Wata mata a layi ta ajiye kwandonta ta zauna a kan buhun siminti.

Ya buɗe ruwa. Ruwa ya zubo. Ya rufe. Kowa ya zuba wa mahaɗar ido.

Ko ɗigo.

Akawu ya sa busasshen yatsa ya zagaye wurin, ya ɗaga yatsan sama don kowa ya gani. Sannan, da yake haka aka koya masa, ya goge kwatamin, ya tsince guntayen zaren, ya waiga yana neman kwandon shara.

"Kun gani!" in ji Manaja. "Ya iya!"

"Ya iya mana," in ji Mai Famfo, yana share hawayen dariya. "Amma tsakaninka da Allah, Manaja, duk masu gyaran da ke shigowa nan, ka taɓa ganin wanda ya shimfiɗa wa sifana tsumma kamar jaririya? Ka taɓa ganin wanda ya gama aiki ya nemi kwandon shara? Lokacin da ya ɗauka a kan famfo ɗaya, da na haɗa banɗaki na karɓi kuɗina na isa gida. Ni ma haka nake yi da ina yaro, kafin yunwa ta koya mini sauri."

Ya kamo hannun Akawu ya buɗe shi a gaban Manaja. A gefen yatsan tsakiya akwai tsohuwar kanta, ta biro. A tafin kuwa bororo ne sababbi, wasu sun fashe, ga farcen babban yatsa ya yi baƙi inda guduma ta yi kuskuren adireshi.

Manaja ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya sassauta ƙullin wuyansa, ya saki dariyar da ya riƙe.

"Baba, ka yafe ni. Yarinya, yi masa na ɗalibai. Ki ƙara masa zaren roba ɗaya, ya ƙarar mana da namu."

Wani ya fara tafi daga baya, saura suka kama. Akawu ya ɗan rusuna. Ranar da aka ba shi agogon bango ma an yi tafi, amma wancan tafin na rakiya ne.

Saura abu ɗaya. Dokar rangwamen ita ce a zana kalmar ɗalibi a jikin kowane ƙarfe, don kada a sayar. Yarinyar ta kunna ɗan injin zanen, yana ƙugi kamar ƙudan zuma, ta rage murya a karo na farko.

"Baba, in rubuta ta ƙasa inda ba a gani?"

"Rubuta ta sama," in ji Akawu. "Ki ƙara girman baƙin, idona ba shi da ƙarfi."

A bakin ƙofa Mai Famfo ya saɓa bututunsa a kafaɗa.

"Yau na yi wa kaina asarar gida guda da bakina. Ranar Asabar ina da aiki a wani bene, gwiwata ba ta son matakala. In ka ci jarrabawar, zo ka kama mini. Amma ka bar tsumman a gida."

"Da shi zan zo."

"To zo da shi. Masu gidan sa ga abin mamaki."

Akawu ya shiga mota da jan akwatin a cinya, bai yarda an sa shi a baya ba. Da ya isa gida bai cire takalmi ba, kicin ya nufa. Matarsa ta tsaya a ƙofa ta harɗe hannu, tana kallonsa yana rufe ruwa, yana komawa ya tabbatar, yana shimfiɗa tsumma. 'Yar robar ciki ce ta cinye. Ya sauya ta, ya ɗaura, ya buɗe, ya rufe.

Suka tsaya su biyu suna jiran ɗigon. Bai zo ba.

"To," in ji ta. "To, Malam ɗalibi."

Ta sunkuya ta ɗauke bokitin, ta zubar da ruwan, ta fita da shi tsakar gida. Can sai ga ta ta dawo, bokitin yana hannunta.

"Wai dā can," ta ce, "a ina muke ajiye shi?"