Wanda Ya Fara Samun Aya

A majami'ar da ke bayan kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan, akwai wata al'ada a binciken Littafi na yammacin Laraba. Fasto zai kira sura da aya, ya ce wanda ya fara samu ya tashi ya karanta. Ba a ba da kyauta, ba a tafi. Amma tun kafin ya yi ritaya daga koyarwa Dattijo Leonard ne ke fara samu, kuma ya sani sarai cewa in ban da wannan, ba abin da ya bambanta shi da sauran tsofaffin da ke gyangyaɗi a bencin gaba. Yakan lashi yatsa, ya buɗe, ya miƙe, ya gyara murya. Ya karanta da Turanci, sannan wani ya maimaita da Hausa saboda waɗanda suka zo daga ƙauye.

A daminar 1994 ɗan Fabian ya aiko wa ubansa wata na'ura daga Turai. Fabian tsohon direban jirgi ne, mutumin da sai an yi addu'ar rufewa yake gano shafin da aka karanta. Na'urar baƙa ce, tana shiga aljihun riga, da ƙananan maɓallai da ɗan gilashi, wai duk Littafin yana ciki. Ranar da ya fara zuwa da ita, Fasto ya kira wata aya daga ƙananan annabawa, inda kowa ke ɓacewa in ban da Leonard. Yatsan Leonard na kan harshe aka ji murya daga baya. Fabian ne a tsaye, yana karantawa da ƙyar, yana danna abu kamar mai lissafin ciniki.

Fasto ya yi murmushi ya ce to, Dattijo Leonard ya taimaka da Hausar.

Ya taimaka. Haka ya ci gaba da taimakawa har aka cire sabuwar doya.

A gida ya sa wa abin suna kalkuleta. Ya gaya wa matarsa Edna cewa shi bai damu ba, tausayin Fabian kawai yake ji, mutum da furfura yana wasa da kayan yara a gidan Allah. Ya faɗa da safe, ya faɗa wajen cin tuwo. Edna ta ce ba ta taɓa ganin tausayin da ke hana mutum cin abinci ba.

Sai ya kai maganar taron dattawa. Ya tambaya ko ya dace a karanta nassi daga abin da ke cin batir, ko za a iya dafa shi a yi rantsuwa, ko kuma in batir ya mutu maganar Allah ta mutu ke nan. Dattawa suka ce tambayoyin suna da nauyi, a kawo abin a gani. Aka kawo. Ya zaga hannu zuwa hannu, kowa na neman ayar da aka karanta ranar aurensa, har lokaci ya ƙure. Ma'aji ya tambayi Fabian ko ɗan nasa zai sake aike. Ba wanda ya tuna da rantsuwa.

Washegari Leonard ya bi ta bayan kasuwa zuwa shagon Alhaji Jamiluddeen mai sayar da rediyo, wanda ke sarin kaya a Legas. Ya ce wani abokinsa ne a Zonkwa ke son irin na'urar. Alhaji, wanda ya san duk abokan Leonard, ya ce Allah ya kai mu, zai duba wa abokin.

Da Alhaji ya dawo daga Legas, iri biyu ya ajiye a kan kantar shagon. Ɗaya mai manyan haruffa, daidai idon dattijo, amma layi biyu kawai take nunawa. Ɗayar haruffanta kamar tururuwa, amma ta fi faɗi, da murfin fata. Leonard bai tambayi wadda ta fi daɗin karatu ba.

"Wacce ta fi ta Fabian?"

"Malam, ai na ɗauka na Zonkwa ne."

"Shi ma ya san Fabian."

Ya ɗauki mai murfin fata. Edna ta ga akuyarta ɗaya ta bar gidan, kuɗinta ya nufi shagon Alhaji. Leonard ya rufe kansa a ɗaki yana gwaji, tabarau a kan hanci, idanu na hawaye, har yatsunsa suka san maɓallan kamar yadda suka san takarda.

Ranar Laraba ya sa na'urar a aljihu, ya zauna a bencin gaba, hannu a ƙirji kamar mai ciwon zuciya. Fasto ya hau mumbari, ya ce kafin a fara yana da godiya. Ɗan'uwa Fabian ya ba majami'a na'urarsa kyauta, ta zauna a kan bagade, don kada wani abin duniya ya raba 'yan'uwa. Daga yau ba sai an wahalar da dattawa da neman shafi ba, shi zai riƙa samowa ya karanta da kansa. Matan ƙungiyar zumunta suka ɗauki waƙa. Fasto ya kira aya, ya danna, ya karanta, ya fassara. Ba wanda ya tashi.

Bayan an tashi, Fabian ya sami Leonard a bakin ƙofa, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Dattijo, na ga wannan abu yana damu kai. Ni ba na so fitina. Yanzu ka huta, ko?"

Leonard ya ce ya huta. Ya tsaya yana kallon mutane sun yi layi suna gaisawa da Fabian, suna yaba irin zuciyarsa, ma'aji har da rungumarsa. Ya lissafa a ransa cewa tasa ta fi faɗi, ta fi tsada, da ita aka ba majami'a da waƙar ta fi haka tsawo. Sai dai majami'a ba ta bukatar biyu, kuma wanda ya bayar na biyu ba a yi masa waƙa.