Gidan da Muniru Ya Jera a Tabarma

Shekarar da aka tashi tsohon Zongon Lome aka ba mutane filaye can wajen Agoè, Muniru magini ya ce wa matarsa Hussainatu zai gina mata gidan da za ta sha iska a cikinsa. Tana da ciwon ƙirji, ga shi tuyar waina ce sana'arta. Kullum hayaƙi ke shaƙe ta, har ta zube ƙasa tana haki.

Muniru bai iya zane a takarda ba. Tabarma ya shimfiɗa a ɗakin langalangan da suka fake, ya kwaso kayan girkinta ya jera. Kwanonin tuwo uku su ne ɗakuna. Babbar tukunya ita ce madafi, ya ajiye ta daga arewa, ya kifa rariya a bakinta.

"Malam, ni kuma da me zan yi girki?"

"Ari na maƙwabta. Gidanki ne wannan, kada ki taɓa."

Duk damina kayan suna nan. In ya dawo aiki sai ya tsuguna ya zuba musu ido. Kafin a haƙa tushe zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana tara ya rasu.

Ranar sadakar bakwai mutane suka cika gida, kwanoni suka yi kaɗan. Yayarsa Ajaratu ta shiga ta ga kaya zube a ƙasa, ta kwashe ta wanke, aka zuba wa baƙi shinkafa. Hussainatu tana ɗaya kusurwar, lulluɓe, ba ta ɗaga kai ba sai da aka gama.

Da ta fita takaba, Aboubakar ɗan Ajaratu, wanda ya koyi zanen gine-gine a makarantar Faransanci, ya zo da takarda. Gida ne mai kyau, madafi a tsakiya da taga ɗaya.

"Ba shi ba ne," in ji ta. "A wannan, wata biyu za ku yi mini sadakar bakwai."

"To Tanti, yaya na Kawu yake? Faɗa mini in zana."

Ta yi ƙoƙarin tuno jerin. Wata biyar tana ƙetare kayan nan, amma yanzu in ta rufe ido, bayansa kawai take gani yana tsugune.

Ajaratu da ke zaune gefe ta tashi ta fita. Can sai ga ta da tabarma a naɗe.

"Ni na ɓata," ta ce. "Na so in wanke ta, na kasa. A kanta nake ganinsa."

Suka shimfiɗa. Damshin damina ya bar zoben tsatsa uku inda kwanoni suka zauna, ga baƙin gindin tukunya daga gefe. Aboubakar ya durƙusa ya daɗe yana kallo.

"Ya kai madafi arewa don iskar teku ta tafi da hayaƙi waje. Amma ta ina zai fita?"

"Rariya," in ji Hussainatu. Ta ɗauko tata ta kifa a bakin tukunya. "Haka ya yi. Tafin hannu ɗaya a nan, ya ce taku biyu ne a ƙasa."

"Shekara uku ina makaranta, Tanti, ba wanda ya nuna mini rariya."

"Ba ka shiga madafi ne."

Haka aka gina madafin, zagaye kamar tukunya, wuyansa a tsuke, can sama ƙarƙashin rufi aka jera bulo mai huda-huda. Masu wucewa suna dariya, wai tanda Hussainatu ta gina ta shiga.

Safiyar da ta fara tuya, ta hura wuta ta ja baya, tana jiran tari. Hayaƙin ya miƙe sama ya bi hudojin ya fita. Ta zauna a kujerarta har ƙullun ya ƙare, ba ta tashi neman iska ba.

Ta cika ɗaya daga kwanonin nan uku da wainar farko, ta yafa mayafi ta kai wa Ajaratu da kanta.

"Yaya, Allah Ya saka miki da ba ki wanke ba."

"Allah Ya jiƙansa," in ji Ajaratu, ta matsa mata wuri.