Tiren Baba Ndatsu

Caleb ya ce duk Minna babu ƙarfen da zai ji ƙararsa ya kasa faɗin asalinsa. Digiri na biyu yake yi a fiziks, ɓangaren sanin ƙarafa, kuma wai malamansa ma sai sun kalli fuskarsa kafin su yi magana.

A shagon Rashidatu da ke unguwar Tunga ya faɗi haka, ba wanda ya tambaye shi. Gwaggonsa, Madam Elizabet, ce ta jawo shi ya duba mata tiren tagulla da za ta saya wa 'yarta na biki. Tiren kuwa Baba Ndatsu ne, mahaifin Rashidatu, ya ƙera shi a Bida, kwana tara yana bugu.

Caleb ya ƙwanƙwasa tiren, ya rufe ido, ya jima, kamar mai ɗanɗana miya. Sannan ya ce ƙarfe ne kawai aka shafa wa ruwan tagulla. Ya bi da Turanci mai tsawo.

Madam ta fara zuge jakarta ta rufe. Matan shagunan kusa sun riga sun miƙo wuya, Rashidatu kuwa ta san kafin la'asar duk layin zai ji cewa Baba Ndatsu jabu yake ƙerawa.

Rashidatu ta tambaye shi yadda tagulla ta gaske take. Abin da yake jira ke nan. Ya zaro maƙalin makullinsa, wani ɗan dunƙule mai ruwan zinariya, ya ce wannan ce tagulla zalla, da ita yake auna sauran.

Ita Rashidatu ba ta wuce aji uku na sakandare ba, amma tana da mayen ƙarfe da ta ɓalle daga matacciyar rediyo, da shi take tsince allura in ta faɗi. Ta ɗauko shi ta nuna masa.

"Malam Caleb, tagulla tana kama wannan?"

"Ko ɗan firamare ya san ba ta kamawa."

Ta ɗora shi a kan tiren, ta karkata tiren. Ya sulale ya faɗo cinyarta. Ta miƙa shi wajen maƙalin makullin, kafin ma ya kai, sai ji aka yi ƙat.

Madam Elizabet ta sake buɗe jaka, ta ce a naɗe mata tiren da jarida. Caleb yana gefe da hannu biyu, yana fama ya raba makullinsa da mayen ƙarfen.