Kwalabe Bakwai na Japheth

Jinin da ke zuba daga dasashin Japheth ya riga ya jiƙa wuyan rigarsa kafin a sauke shi daga kan babur a ƙofar asibiti. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu da hantsi, yana cirar gyaɗa a gonarsa ta bakin daji, can bayan Kutemeshi. Matarsa Rebecca ta riƙo kansa tun daga ƙauye, zaninta duk ya ɓaci.

Juwairiyya, mai harhaɗa magungunan asibitin, ta ɗebi jininsa ta zuba a tsabtatacciyar kwalba, ta ajiye a kan taga tana duban agogo. Minti ashirin suka cika. Ta karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo. Bai daskare ba. Aka yi masa allurar dafin maciji kwalba uku, aka jira awa shida, ta sake gwadawa. Jinin na nan tsararo yadda yake.

Ba ta yi mamaki ba. Ta san abin da ke cikin kwalaben tun watanni biyar da suka wuce.

*

Mu da muka san asibitin nan tun yana ɗaki biyu da rumfar kwano, mun san cewa ba a taɓa sayen ko ƙwayar ciwon kai ba sai da sa hannun Alhaji Ladan. Haka aka yi a zamanin likitan farko, haka aka yi a zamanin waɗanda suka biyo bayansa. Shi ne shugaban kwamitin sayen magani, surukinsa kuma shi ne mai kawo kayan.

Da Juwairiyya ta dawo daga ƙarin karatu na shekara guda a kan yadda ake jagorantar amfani da magani ba tare da cutarwa ko almubazzaranci ba, ta miƙe a taron kwamitin da takardarta.

"Ranka ya daɗe, wannan allurar da dafin macizan wata ƙasa aka haɗa ta. Ba ta san kububuwarmu ba. Tana da araha, amma goma ba sa yin aikin da biyu na gaskiya ke yi."

Alhaji Ladan ya cire tabarau, ya goge da bakin riga. "Ikon Allah! Ashe macizai ma fasfo gare su? 'Yata, ranar da aka raɗa miki suna ina cikin ofishin nan. Karatun shekara ɗaya ne zai koya mini maciji?"

Aka yi dariya. Likita ya sunkuyar da kai yana duban biro. Takardar tata kuwa, da ita aka naɗe ragowar tsiren taron.

*

Kwana na biyu, fitsarin Japheth ya koma ja. Juwairiyya ta jawo Rebecca bayan ɗakin magani.

"Maman Praise, ki saurare ni. Maganin nan ba zai yi masa aiki ba. Ki nemi mota ku tafi Kaduna yau, zan rubuta muku sunan na gaskiya."

"Kaduna, Malama? Ta wannan hanyar, da mutumin da ba ya iya zama?"

"Na sani. Amma a nan kwana kawai yake ƙarawa."

Inuwar babbar riga ta faɗo a kansu. Alhaji Ladan ne, da carbi a hannu.

"Ke, baiwar Allah, zo nan. Shekara talatin ina ba da maganin nan. Wannan yarinyar so take mijinki ya cika a cikin daji, a ce ba a hannunta ya mutu ba. Ki dube ni da kyau, na yi kama da mai kashe miki miji?"

"A'a, Baba."

Juwairiyya ta ɗauko kwalbar gwajin. "Ranka ya daɗe, ga jininsa. Ka duba da idonka."

Ya karɓa, ya ɗaga ta sama kamar mai duba ingancin zuma, sannan ya juye ta a kwata. Ya miƙa mata kwalbar. "A wanke. A ƙara masa huɗu."

Rebecca ta dubi furfurar gemunsa, ta dubi fuskar yarinyar da ba ta kai ƙanwarta ba. Ta koma gefen gadon mijinta ta zauna.

Japheth ya cika ranar Alhamis, ana kiran la'asar. Rahoton da kwamiti ya rubuta ya ce mai harhaɗa magani ta ɓata lokaci da gwaje-gwaje, kuma ta firgita iyalin majiyyaci. Bisa ga abin da aka saba yi wa ma'aikacin da ya fita layi, aka ɗauke ta daga tagar ba da magani, aka mayar da ita sito.

*

Bayan mako biyu Rebecca ta dawo, da baƙin ɗankwali da zakara a hammata. Ta durƙusa a ƙofar ofishin Alhaji Ladan.

"Baba, kun yi iyakar ƙoƙarinku. Lokaci ne ya yi."

"Haka ne, 'yata. Allah Ya ba da haƙuri. A ɗaure zakaran a gindin dalbejiya."

Daga nan ta zagaya sito. Ba ta gaishe da Juwairiyya ba, ba ta dubi fuskarta ba.

"Kwalaben allurar da aka yi masa nake so. Uwarsa ba ta yarda an yi masa magani ba, zan nuna mata."

Juwairiyya ta tono su daga kwandon shara guda bakwai, ta goge, ta miƙa. Rebecca ta ƙulle su a haɓar zani da kulawa, ta juya, suna ƙara a ƙugunta har ta fice daga ƙofa.

A waje ana ta sauke sababbin katan-katan na irin allurar nan daga motar surukin Alhaji. Direban ya leƙo yana share gumi.

"Hajiya, ina za a jera?"

Juwairiyya ta nuna masa kantar da aka saba.