Katin Farko Na Bappa Ne

Jirgin ƙasa na bakwai da kwata bai gama tsayawa a tashar Dombivli ba mutane suka fara ɗarewa. Bhikaji Parab ya tura matarsa Sulochana wajen taragon mata, sai da ya ga gefen jan zanenta ya shige, sannan ya rungume jakarsa a ƙirji ya bar turereniya ta kai shi cikin taragon maza. Shekara talatin da huɗu ya yi yana hawan jirgin nan zuwa aiki a cikin Mumbai kafin ya yi ritaya. Ya san ba da ƙarfi ake shiga ba, sakin jiki ake yi.

"Kaka, zinari ne a jakar nan? Ka ɗora ta sama mana, tana sukan haƙarƙarina," in ji wani mai farar riga da suka matsu tare.

"Haƙarƙarinka ya yi haƙuri har Dadar. Jakar nan ba ta hawa sama, ba ta taɓa ƙasa."

"Au, ta Bappa ce ke nan. Yau fa Talata, ranar zuwa haikalinsa!" Mutumin ya ɗaga murya. "Ku ba Kaka gefen kujera, saƙon Bappa ya ɗauko. Kaka, in ka je wajen ɓeran azurfar nan na haikali ka raɗa masa a ƙara mini girma a ofis. Shekara tara ina raɗa masa, shiru."

"Ai ba ka toshe ɗaya kunnen ne," in ji wani daga bakin ƙofa. "Ta nan take shiga, ta can take fita."

Aka yi dariya. Bhikaji bai yi ba, amma ya karɓi gefen kujerar.

A cikin jakar akwai kwakwa ɗaya, da alewar modak ashirin da ɗaya da Sulochana ta dafa tun da asuba, da katin gayyatar bikin 'yarsu Mrunal. Shi ne kati na farko. An shafa masa kurkum da jan gari a kusurwa, an zuba ƙwayar shinkafa a cikin ambulan. Sauran ɗari uku suna gida a ɗaure, domin ba a miƙa wa ɗan Adam kati sai an fara ajiye ɗaya a ƙafar Ganapati, abin bautarsu, wanda duk Mumbai ke kira Bappa.

A gidan Parab akwai doka tun kakanni. In katin farko ya isa gaban Bappa, biki ya tabbata, ko an yi rasuwa ba a ɗagawa. In kuwa rasuwa ta riga kati, to sutak, ƙazantar mutuwa, ya hau kan dangi: kwana goma ba mai taka haikali, shekara guda ba a biki. Sutak kuma yana kama mutum ne daga lokacin da labari ya shiga kunnensa.

Sun taɓa ɗanɗana wannan doka. Shekara shida da suka wuce mahaifiyar Bhikaji ta rasu saura kwana huɗu a kai katin Mrunal. Dangin ango suka nemi a sassauta, har mai kula da ibadar gidan ya ce akwai hanya. Bhikaji ya ce babu hanya. Kafin shekara ta cika yaron ya auri wata. Mrunal ta ci gaba da zuwa aikinta na gwajin jini, sai dai tun daga ranar ba ta sake rera waƙa a kicin ba. Yanzu shekararta talatin da biyu. Sabon angon, Ninad, a jirgin ruwa yake aiki, hutun sati biyar aka ba shi, uwarsa kuma ta faɗa ba kwana-kwana: cikin watan nan, ko su duba wani gida.

Jirgi ya wuce Thane da kaɗan waya ta yi ƙara a aljihunsa. Pandu Gurav ne, maƙwabcin yayansa a ƙauye, mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa.

"Bhikaji, sai haƙuri. Ka kama hanya? Motar rana za ka shiga ko jirgi?"

"Hanyar ina?"

"Kai! Ba su gaya maka ba? Dada ya tafi tun ƙarfe huɗu na asuba. Ni ma da ba a kira ni saran itacen ƙona gawa ba da ban sani ba. Gidan shiru, ƙofa a rufe, ko kukan matarsa Vahini ba a ji. Na ce wannan wace irin rasuwa ce babu kuka? Bhikaji? Kana ji na?"

Bhikaji ya kashe wayar. Ya dubi allonta har ya yi duhu.

Dada shi ne yayansa, shi kaɗai ya rage masa. Shi yake goya shi ya ƙetare rafi da shi zuwa makaranta in damina ta yi nisa. Shi ya raka shi tasha ranar da zai zo Mumbai neman aiki, ya cire takalminsa ya ba shi ya koma gida ba takalmi. Ranar Lahadin nan suka yi waya, Dada yana tari, yana cewa shi zai zauna kusa da wuta ranar biki, kada a ba shi kujerar roba.

A ƙarshen tarago masu waƙar ibada sun fara kaɗa ƙananan kugensu kamar kullum. Mai farar riga ya sunkuyo.

"Kaka, lafiya? Fuskarka ta canja."

"Zafi ne."

Wannan ce ƙaryarsa ta farko a ranar, ta kuma fito masa da sauƙin da ya ba shi tsoro. Daga nan lissafin ya zo da kansa. Babu wanda ya ji abin da aka faɗa masa. Sulochana tana wani tarago. Awa biyu kawai, kati ya isa, sannan ya kunna waya ya ji labari kamar yanzu aka yi. Wa aka cuta? Mutumin da ya hana 'yarsa aure saboda doka, ga shi a gefen kujera yana neman inda dokar ta yage. Ya san haka, bai kuma fasa ba.

A Dadar jama'a suka amayar da shi kan dandamali. Ya tarar da Sulochana a gindin matakala, inda suka saba haɗuwa, tana gyara zanenta.

"Baban Mrunal, kwakwar ba ta fashe ba?"

"Ba ta fashe ba. Me ya sami idonki?"

"Tururin modak ne tun da safe. Mu je, layi yana tsawo."

Suka haye gada, suka bi ta kasuwar furanni inda ƙasa ta jiƙe da ruwa da ganye, suka shiga bas. Babu wurin zama. Kwandasta yana ƙwanƙwasa ƙarfensa a jikin kujera yana cewa a matsa gaba, Bappa ba zai gudu ba. Sulochana ta riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, ɗayan ta ɗora a kan jakar da ke ƙirjin mijinta, kamar tana tsoron a ƙwace. Suka sauka a Prabhadevi, unguwar da haikalin yake.

Layin Talata ya fito daga ƙofar haikali ya bi gefen titi ya sha kwana. Akwai waɗanda suka tako da ƙafa daga unguwanni masu nisa, tafin ƙafarsu baƙi ƙirin. Masu furanni suna kira ta ko'ina. Sulochana ta nufi rumfar wata tsohuwa da suka saba da ita, inda ake sayen jan fure da ciyawar da ake kai wa Bappa a kuma bar takalmi.

"Ah, Tai, 'yar'uwa! Yau da maigida? To lallai akwai magana." Tsohuwar ta leƙa jakar, ta ga kusurwar ambulan. "Kati ne! Bappa ya ji kukanmu. Ku cire, ku cire, ga ruwa ku wanke ƙafa. Kaka, takalmin nan naka ko na bar shi a titi ba mai ɗauka."

Sulochana ta zare nata. Bhikaji ya sunkuya ya kama igiyar takalminsa, ya kwance ɗaya. A nan hannunsa ya tsaya. Ya tuna ƙafar Dada a kan jan ƙasar tasha, ba takalmi. Ya miƙe.

"Sulo, zo nan."

Ya ja ta bayan rumfar, kusa da wata ganga da ake jiƙa furanni.

"Ba za mu shiga ba. Dada ya rasu."

Ba ta yi ihu ba. Ba ta dafe ƙirji ba. Ta dube shi kawai, sannan ta ce, "Wa ya gaya maka?"

"Pandu Gurav."

"Bakin Pandu ya tsage. Ko wuta aka ce ya riƙe a bakin nan sai ya tofar a kan mutane."

Sai a lokacin ya gane. "Kin sani."

"Kana wanka Vahini ta kira ni. Ta ce, Sulo, na rufe ƙofa, na cusa gefen zane a bakina, ba wanda zai yi kuka a gidan nan sai sha biyun rana. Ku kai katin yarinyar nan. Kada ki gaya wa ƙanen mijina, kin san halinsa." Ta nuna jakar da ke ƙirjinsa. "Matar da mijinta ke kwance a tabarma ta haɗiye kukanta saboda 'yarka. Ni kuma na dafa modak ashirin da ɗaya ina juya maka baya."

"Da sutak a kanki kika dafa abincin Bappa."

"Da shi na dafa."

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani sarai. Kai ka san abin da ka yi shekara shida da suka wuce? Kai ka kwana lafiya, ka tsare doka. Ni nake jin motsin Mrunal a ɗaki har gari ya waye." Ta matso kusa. "Tun yaushe Pandu ya kira ka?"

Ya kai idonsa kan gangar furanni.

"Tun yaushe, Baban Mrunal?"

"Bayan Thane."

"Ka sauka a Dadar ba ka faɗa ba. Ka shiga bas ba ka faɗa ba. Har ka kwance igiya ɗaya." Ta gyaɗa kai. "To kada ka tsaya a nan kana mini fuskar alƙali. Abin da nake so kai ma shi kake so, ƙarfin hali ne ya ƙare maka a bakin ƙofa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ta miƙo masa hannu.

"Ba ni jakar. Kai ka tsaya, ƙafarka ba ta taka haikali ba, dokarka tana nan ba ta karye ba. In akwai hukunci ya sauka a kaina. Ni na ji, ni na dafa, ni na kai."

Ta sa hannu ta zare jakar daga ƙirjinsa. Bai riƙe ba. Ta karɓi furanni a wajen tsohuwar, ta wanke ƙafa, ta shiga ƙarshen layi ba ta waiwayo ba.

Bhikaji ya tsaya a gaban rumfar. Takalminta yana ƙasa kusa da ƙafarsa, ɗan ƙarami, dunduniyar ta cinye ta gefe ɗaya. Haka ya fi sauƙi. Kati zai isa, za a yi biki, shi zai zauna a gaba a gaishe shi, in dangi sun yi bincike wata rana za a ce matar ce ta ɓoye, shi Bhikaji mutumin kirki ne, a waje ya tsaya. Zai ci moriyar abin, ita ta ɗauki laifin. Ya juya wannan a ransa, ya ga ya fi ƙaryar cikin jirgi muni.

"Kaka, shiga za ka yi ko gadi?" in ji tsohuwar. "Kana tare mini masu saye."

Ya sunkuya ya kwance ɗaya igiyar. Ya haɗa takalminsa da nata ya tura ƙarƙashin tebur.

Ya same ta a inda layi ya sha kwana. Mutanen baya suka fara gunaguni, wani ya ce tsoho ma yana tsallake layi ranar Talata. Sulochana ta ce mijinta ne. Ba ta dube shi ba, amma ta miƙa masa kwakwar ya riƙe.

Awa ɗaya da rabi suka yi kafin su isa ciki. A gaban Bappa ba a tsayawa, masu tsaro suna cewa a wuce, a wuce. Mai hidima ya karɓi tiren da suka jera kayan a kai, ya ɗora katin a ƙafar Bappa, ya ɗiga masa jan gari, ya maido musu rabin modak da fure ɗaya. Duka bai kai minti guda ba. Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura minti goma.

A farfajiya mutane sun yi ɗan layi a wajen ɓeran azurfa, dabbar da Bappa ke hawa, wadda ke kai masa saƙo. Kowa yana sunkuyawa ya sa baki a kunne ɗaya, ya toshe ɗayan da tafin hannu don kada roƙon ya zurare. Sulochana ta ja hannun rigarsa.

"Mu tafi. A kira Vahini, ta samu ta yi kukanta."

"Kira ta. Ina zuwa."

Da layi ya zo kansa ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara. Azurfar kunnen ta yi santsi saboda yawan bakin da ya taɓa ta.

"Ka gaya masa yayana ya rasu da asuba," ya raɗa. "Ka gaya masa na ji tun a jirgi, na kuma shigo da sanina. Bhikaji Parab ne, na Dombivli. Yarinyar ba ta san komai ba."

Wata mata a bayansa ta taɓa kafaɗarsa. "Kaka, ba ka toshe ɗaya kunnen ba."

"Na sani," ya ce, ya dafa ƙasa ya miƙe.