Ƙullin Ba Kalli

"Tashi daga hanya, tsoho," in ji gardin.

Ba Kalli ko ɗaga kai bai yi ba. Yana zaune a bakin ƙofar makarantar sana'a, ya jera tukwanen rininsa, jan karan dafi da baƙin kuloko, ya shimfiɗa fatun da ɗalibansa suka fara yi wa zane ba su gama ba. Ni kuwa ina gefe da kaskon ƙosaina, ina jiran in ga inda rigimar maƙwabcina za ta tsaya.

Ranar ce kumandan Nasara ya zo rangadi daga garin Maine. Tafintansa ya yi bayani cewa kuɗi sun yi ƙaranci. Za a ci gaba da koyar da ɗinkin jaka da sirdi, amma an soke darasin zane da rini, don jakar gardi ba ta bukatar ado.

"Tambaye shi," in ji Ba Kalli, "zaren zinariyan nan da ke hularsa, shi ma rana yake tare masa?"

Tafinta ya haɗiye maganar bai fassara ba. Mota ta tashi ta bar mu nan.

Dukawan gidan su Ba Kalli suna da wata al'ada. Zanensu igiya ɗaya ce da ke zagaya fata tana shiga kanta tana fita, a ƙarshe a haɗe bakinta biyu da wani ƙulli, har ido ya kasa gane mafarinta. Ƙullin nan sai a shekarar ƙarshe ake koya wa ɗalibi. Hamani, wanda ya fi kowa hannu, ya zo gab da ita ke nan aka rufe ajin. Shi Ba Kalli bai haifi ɗa namiji ba, kuma duk bakin kogin Komadugu babu wanda ya rage da ya iya ƙullin sai shi.

Sai ya rantse ba zai koyar da shi ba har a buɗe ajin.

"Ba Kalli, wa kake yi wa horo?" na ce masa ta kan zanar da ta raba gidajenmu. "Nasaran da bai ma san akwai ƙullin ba? Ka kira Hamani gida ka nuna masa mana."

"Tabawa, a lakwal aka fara, a makarantar nan za a ƙare. In na koyar a zaure sai su ce ashe dā ma ba a bukatar su."

Taurin kai irin nasa ban taɓa gani ba, amma ƙarya nake in na ce bai ba ni tausayi ba. Kullum da hantsi zai ɗauki tukwanensa ya zauna a bakin ƙofar nan, ɗalibai su wuce suna sunkuyar da kai. Damina ta wuce, wata ta zo. Hamani ya gama, aka tura shi Maine yana ɗinka jakunkuna marasa zane.

Da kogi ya cika, lokacin da jan tattasai ya rufe kowane tsakar gida, tari ya kama tsohon. Wata rana bayan azahar matarsa Ya Fati ta leƙo ta ce yana nemana. Na same shi a tabarma, ya koma kamar kara.

"A aika wa Hamani," ya ce. "Ba za su buɗe ba, ko?"

Ban iya yi masa ƙarya ba. Ya nemi fata da wuƙa, aka ba shi, wuƙar ta suɓuce daga hannunsa. Sai ya mirgina ya share rairayin ɗakin da tafin hannu, ya sa yatsa yana jan zanen ƙullin a hankali, yana hutawa, yana ja. Da ya gama ya ce, "Fati, kife masa ƙwarya, saboda kaji."

Kafin la'asar sakaliya Allah ya karɓi abinsa.

Ɗan aiken ya tafi a raƙumi, hanya kuma ba kusa ba. Duk kwanakin zaman makoki ƙwaryar nan tana kife a tsakar ɗaki, mata na kewaye ta suna tattare bakin zane. Ya Fati ta hana shara. Ko ni da bakina ba ya shiru, in na shiga sai in sassauta murya saboda kewarsa.

Hamani ya iso bayan sadakar uku. Ya yi gaisuwa, Ya Fati ta nuna masa wurin da haɓa. Ya durƙusa ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu.

Zanen na nan, layin duk ya karkace, tururuwa kuma sun ratsa ta gefe ɗaya sun shafe kaɗan. Hamani ya daɗe yana kallo, yana riƙe numfashi kada ya hure rairayin. Can ya share wuri kusa da shi, ya sa yatsa ya fara ja.