Ranar da Ma'auni Ya Yi Shiru

Bara wayoyinmu sun ce ruwan Rima ya ja baya, alhali yana kan hanyar zuwa cinye mana shinkafa. Ya kuwa cinye. Ni Illo, da kwalekwale na shiga gonata ta Zauro, abin da na tsinto ko kaji ba zai ƙosar ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ɗiyata Sadatu ce ta rubuta manhajar. Ƙungiyarmu ta manoman fadama ta kafa ma'auni a bakin gulbi can Argungu, inda ruwa ke bi kafin ya iso mana. Ma'auni ya aiko tsayin ruwa, manhaja ta karɓa, ta turo mana saƙon murya. Ranar da ta ce ruwa ya ja baya, kowa ya ajiye lauje, wai shinkafa ta ƙara nuna.

Tun daga nan Sadatu ba ta da suna a Zauro sai Mai-ƙaryar-waya. Maigandi, wanda muka haɗa iyakar gona, shi ya fi kowa baki. Da damina ta sake kamawa ya miƙe a taron ƙungiya ya ce a tumɓuke ƙarfen nan, a sallami yarinya.

Ni ban yi boko ba, ban kuma iya lallashi ba. Na hau babur sai Gesse, gidan aurenta. Na tarar da ita gaban kwamfuta.

"Ke, ƙarya kinka yi muna ko ba ƙarya ba?"

"Baba, zamna tukuna, a kawo ma hura."

"Ba hura tak kawo ni ba."

Ta juyo da kwamfutar wajena. Ta ce rannan ruwa ne ya tsinke igiyar batirin ma'auni, bai aiko kome ba.

"Cikin manhaja akwai gurbin da lamba ka zama. Rannan ba lambar da tas shigo. Mu nal muka ce mai, gurbin da ba a sa ma komi ba. Ban sa manhaja ta duba ba, sai ta ɗauke shi sifili."

"To sifili da babu ba ɗaya ba ne?"

"Baba, in ka aiki mutum shi dubo ma gulbi, bai dawo ba, cewa za ka yi gulbi ya ƙahe?"

"Cewa zan yi gulbi ya ci shi."

"To ka gani."

Ta ɗora yatsa kan wani ɗan layin rubutu. Ta ce yanzu kafin manhaja ta buɗe baki sai ta tambaya: gurbin nan da lamba ko nal ne? Tun bara ta gyara, ba wanda ya tsaya ya saurare ta. Har ni.

Abin da idona bai gani ba, ba na rantsuwa a kansa, ko da na ɗiyata ne. Na ce wa 'yan ƙungiya su zauna gindin tsamiya da wayoyinsu. Na kama hanyar Argungu da rana tsaka, na gangara bakin gulbi, na fizge igiyar batiri da hannuna. Ban gama wanke laka a ƙafa ba wayata ta yi ƙara. Muryar Sadatu ce: "Ma'auni ya yi shiru. Ban san tsayin ruwa ba. A tahi a dubo gulbi da ido."

Na yi kabbara har masu wanki suka waiwayo. Na mayar da igiya na koma. A gindin tsamiya kowa ya ji saƙon, aka ce ƙarfe ya zauna, yarinya ta ci gaba da aikinta. Maigandi kaɗai ya taɓe baki.

"Injin da ka cewa bai sani ba, mi amfaninai?"

Da shinkafa ta sunkuyar da kai, wata safiya gari garau, saƙon nan ya sake shigowa, kuma ba ni na taɓa igiya ba. Na kira Riskuwa, wani masunci abokina a Argungu, ya leƙa mana. Waya ta ƙi shiga. Na ce shiru ya yi yawa, a fito da lauje. Maza da mata muka faɗa fadama.

Maigandi na tsaye kan kunya, hannu a baya.

"Illo, haukan mi kuka yi? Ba ta ce ruwa na zuwa ba. Cewa tay yi ba ta sani ba. Tawa ba ta ida nuna ba."

"Kai ma nal ka ɗauka sifili," na ce.

"Mi?"

"Je ka tambayi Mai-ƙaryar-waya."

Ashe gulbi ya tafi da ma'aunin har turkensa. Ruwa ya iso ya tarar da dammunanmu a kan tudu, mu kuma zaune a kansu muna shan fura muna kallonsa. Da Sadatu ta zo, mata suka tare ta da guɗa tun daga bakin titi. Na ce a matsa, ɗiyar Illo za ta wuce.

Maigandi kuwa ko irin shuka bai fitar ba. Na baɗi a rumbuna ya zo nema, kuma ban buɗe ba sai da ya gaishe da Sadatu da sunanta.